Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NAFDAC: ku biyo mai har bakin kasko

Zuwa ga Farfesa Mojisola Adeyeye,
Shugabar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa.

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki tare da ma'aikatan hukumarki, da fatan ana aiki lafiya. Maganar man girki ce ta sa na rubuto, kuma na zaɓi in yi ta a bainar jama'a da Hausa don waɗanda abin ya fi shafa, masu tuya da masu tsayawa layi a gaban kaskonsu, su ji abin da na roƙa a madadinsu.

Zan fara da yabo don kun cancance shi. A 2023 aka saka dokarku ta mai da kitse a kundin gwamnati, wadda ta ce kada kitsen tirans ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na maiƙon abincin da ake sayarwa a ƙasar nan. Denmak ce ta buɗe wannan ƙofa a 2003, Afirka ta Kudu ta bi a 2011, Amurka ta yanke nata hukuncin a 2015 ta ba kamfanoni wa'adi zuwa 2018. A shekarar ta 2018 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga dukkan ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Mun shiga sahun farko-farko a Afirka, kuma ba kullum muke samun wannan ba.

Wanda bai san kitsen tirans ba, a taƙaice ga shi. A 1902 wani masanin sinadarai Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar cusa iskar haidurojin cikin man da yake ruwa har ya daskare. Kamfanoni suka rungumi abin hannu biyu, don irin wannan mai yana da araha, yana daɗewa a kanti bai lalace ba, yana sa biskit da cincin su yi garas-garas. Duniya ta ci shi kusan shekara casa'in kafin wasu masana biyu a Holan, Mensink da Katan, su nuna a 1990 cewa ɓarna biyu yake yi a jini lokaci guda: yana ɗaga mugun kolestarol, wato maiƙon jini mai liƙewa a bangon jijiya, yana kuma rage mai amfanin da ke taimakawa a kwashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana da hannu a mutuwar mutum fiye da 278,000 duk shekara. To madalla da aka taka masa birki.

Sai dai, ranki ya daɗe, doka tana kama abin da yake da suna da adireshi ne. Mafi yawan man da ke shiga cikinmu a Arewa ba shi da ko ɗaya. Duk wanda ya shiga Kasuwar Galadima ko ta Singa a Kano ya ga yadda abin yake: durom-durom, da jarkoki masu lita 25 da aka yi ta juye a cikinsu har tambarin jikinsu ya daina nufin komai. Daga nan mai shagon unguwa ya sara, ya auna a kwalba, a gwangwanin tumatir, a murfi, ko ya ƙulla a leda ya rataya. Botar da mai shayi ke lafta wa burodi sau da yawa daga bokiti take, ko daga ƙullin da aka yanko daga katan, babu wanda zai ce maka da me aka yi ta. Mai saye ba ya ganin lambar rajista, ba ya ganin ranar lalacewa, ba ya ganin hoton idon nan da kuke sa a buga don a san an ƙara wa mai bitamin A kamar yadda aka wajabta tun 2002. Ko da ma an ƙara, kwalbar da ke yini a rana kan teburi tana asarar bitamin ɗin, don haske yana kashe shi.

Babban abin da ya dame ni shi ne me ke cikin jarkar. Duk farin mai a wurinmu sunansa man gyaɗa, alhali tun da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo bayan fari ta durƙusar da dalar gyaɗa, gyaɗarmu ba ta ƙara wadatar da tukwanenmu yadda ta saba ba. Da yawa daga abin da ake auna mana da wannan suna manja ne da aka tace aka cire masa ja da ƙamshi. Matan gida sun fi kowa sani, don da hunturu ya kankama sai su tarar ya yi gudaji a gindin kwalba, sai an kai shi kusa da wuta kafin ya zuba. Wani zai ce to mene ne, ai mai mai ne. Ba haka ba ne. Maiƙo iri biyu ne a jikin kowane mai, akwai mai daskarewa, akwai wanda ba ya daskarewa, kuma rabonsu ya bambanta ƙwarai. A man gyaɗa na ainihi mai daskarewar bai kai kashi 20 cikin 100 ba. A man riɗi da na waken suya wajen kashi 15 ne. A tataccen manja ya haura kashi 40, a jan manja kusan rabi, a man shanu ya haura 60, a man alayyadi da na kwakwa ya haura 80. Idan mai daskarewa ya yi yawa a abinci, hanta tana rage kwashe mugun kolestarol daga jini, shi kuma ya yi ta taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru har hanya ta ƙuntata. Ƙarshenta bugun zuciya, ko a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa na yini.

Ba sai an je Turai neman misali ba. A 1987 gwamnatin tsibirin Morishus ta sauya man da take sayar wa jama'a a farashi mai rahusa, daga wanda akasarinsa manja ne zuwa na waken suya. Da aka sake auna jinin mutane a 1992, kolestarol ya sauka da kusan kashi 15 cikin 100. Ba a hana kowa tuya ba, ba a raba wa kowa ƙwaya ba, abin da ke cikin kwalba kawai aka canza. Saboda haka dattijon da likita ya ce wa ya koma man gyaɗa, ya je ya biya kuɗin man gyaɗa aka zuba masa tataccen manja, an cuce shi a aljihu an kuma cuce shi a jijiya. Roƙona na farko ke nan: duk durom da duk jarkar da za a auna mai daga cikinta, a wajabta rubuta asalinsa a jiki, da Hausa ko da ajami ko da hoton gyaɗa ko na kwakwar manja, kuma a riƙa ɗibar samfuri daga hannun manyan dillalai ana gwadawa. Dillalan ba su da yawa, kowa a kasuwa ya san su.

Kada a ɗauka yaƙi nake da manja ko man shanu. Na san abin da za a ce, kakanninmu sun sha man shanu a tuwo har suka tsufa da haƙoransu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani bincike da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos ya tarar kusan rabin kuzarinsu daga maiƙo yake, mai daskarewa kuwa da yawa, amma jininsu lafiya lau. Masu binciken sun danganta hakan da yawan tafiyar ƙasa da rashin cin abin da ya wuce buƙata. Mu da muke hawa babur zuwa masallacin bayan gida, mu wuni zaune a shago da lemon kwalba a gefe, ba mu da hurumin fakewa da Bafulatanin da ke bin shanu daga asuba zuwa magariba. A ɗaya gefen kuma, a yankin da tamowa ke cin yara, tsoratar da uwa daga sa mai a abincin ɗanta ɓarna ce babba. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo. Abincin nan na leda da aka ceto dubban yara da shi a Maraɗi lokacin yunwar 2005, wanda har yau ake rabawa a cibiyoyin tamowa, tushensa gyaɗa ce da mai da madara da sukari. Kuma wanda ya rage mai ya cike gurbin da farar fulawa da sukari bai tsira da komai ba.

Jan manja ma yana da abin da babu a sauran. Jan nan nasa karotin ne, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, kuma yana cikin abinci mafi wadatar karotin a duniya. Abubuwa biyu ne ke raba mu da wannan amfani. Ɗaya a hannunmu yake: a ɗora manja a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, kicin ya turnuƙe kowa na tari, wai don a kashe gafinsa. A nan an ƙone karotin ɗin, an bar maiƙon zalla. Ɗayan kuma a hannunku yake, wato rinin masana'anta da ake kira Sudan, wanda marasa tsoron Allah ke zubawa don manja ya yi jawur ya ja ido. Rini ne na fenti da man goge takalmi, an hana sa shi a abinci saboda zargin haddasa kansa, wato ciwon daji. A 2015 hukumar abinci ta Gana ta same shi a manjan kasuwannin Akara. Mai saye ba shi da yadda zai gane da ido, hasali ma wanda aka rina shi ya fi burge shi.

Yanzu bari in zo kan kasko, inda na fi so ki tsaya. A tsaya wajen mai tuya da yamma a duba. Man da aka soya ƙosai da safe shi ne za a soya dankali da doya da rana, a jefa awara da la'asar, wani wurin har kifi da dare. Idan ya ragu a ƙara sabo a kai, ba a taɓa juyewa a wanke kasko a fara daga farko ba. Launinsa ya koma kamar shayin da ba madara, ya yi kauri yana bin matsami, yana kumfa a gefe, yana hayaƙi tun wuta ba ta kai ko'ina ba, ga baƙin gari kwance a ƙasa. Awarar da ta fito daga ciki tana maƙaƙi a wuya, sai a rufe da yaji. Abin da ya faru shi ne zafi da iska da ruwan abinci sun farfasa man, sun haifar da wasu sinadarai da ba sa cikinsa da farko, ciki har da waɗanda ake kira aldihaid, masu illa ga ƙwayoyin jiki. Dokarku ta giram 2 ba za ta kama wannan ba, don ba kitsen tirans ne babbar matsalar tsohon mai ba. Ma'auninsa daban ne. Ƙasashen Turai da dama sun sa iyaka a kan yawan gurɓatattun sinadaran da man tuya zai tara, Indiya ma ta sa tata a 2018: da ya kai kashi 25 cikin 100, an haramta ci gaba da tuya da shi. Akwai ƙaramar na'ura da ake tsomawa a kasko ta nuna adadin nan take.

Na san kaskon bakin titi a ƙarƙashin duba-gari da ƙananan hukumomi yake, ba ku ba. Amma ku ne masu sa ma'auni, kuma sai da ma'auni duba-gari zai san abin da yake dubawa. Na kuma san dalilin da ya sa baiwar Allah ba ta zubar da mai: jarinta ne, kuma da ribar ƙosan nan ake sayen littafin makaranta. Duk dokar da za ta ce mata ta zubar ba tare da ta nuna mata inda za ta kai ba, ta zama hanyar karɓar na goro kawai. Indiya ta haɗa dokarta da tsarin sayen tsohon mai ana mai da shi man dizal. Mu muna da masu yin sabulu a kowane gari. A haɗa su, a fara da manyan gidajen abinci da masu soya kaji da kamfanonin cincin, waɗanda suke da halin saye, kuma a tabbatar man da suka gama da shi bai zagayo ya dawo hannun ƙananan masu tuya da sunan araha ba.

Ɗaya ɓangaren wasiƙar nan ya shafi abin da yake da takarda a jiki, har ma takardar ta fi abin da ke ciki kyau. Ina nufin ƙwayoyi da garurruka da shayin da ake tallatawa a rediyo, a motocin lasifika, a WhatsApp da TikTok, da sunan antiyoksidan: suna wanke jini, suna narkar da kitse, suna hana tsufa, suna maganin kansa. Tushen maganar gaskiya ne. Yayin da jiki ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa, yana fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma bitamin C da E da karotin da makamantansu suna taimakawa wajen kashe kaifinsu. An kuma daɗe da lura cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace sun fi tsira daga ciwon zuciya. Daga nan aka yi tsammanin idan aka tatso sinadarin aka dunƙule shi a ƙwaya, aka ninka yawansa, amfanin zai ninku.

An gwada, kuma sakamakon ya ba masana kunya. A Finlan an bi maza masu shan taba sama da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar karotin kullum. Da aka fitar da sakamako a 1994, kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. A Amurka an yi makamancinsa da mutum sama da 18,000, masu shan taba da waɗanda suka yi aiki da asbestos, wani ma'adini da ake sawa a kayan gini, dole aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don ƙarin ya kai kashi 28. Wani gwajin a kan maza sama da 35,000 ya nuna a 2011 cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara kansar furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17. A 2012 ma'aikatar gona ta Amurka ta sauke jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antiyoksidan ɗin abinci daban-daban, don 'yan kasuwa sun mai da shi kayan talla, alhali abin da aka auna a kwalbar gwaji ba ya nuna abin da zai faru a jikin mutum. Wannan bai shafi bitamin A da ake ɗiga wa yara a ranakun rigakafi ba, ko wanda likita ya rubuta wa mai ƙarancinsa. Waccan cike giɓi ce. Abin da ya faɗi a gwaji shi ne ɗura wa mai lafiya.

Inda abin ya yi aiki, a kwano ne. A Sifen an bi mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, aka ƙara wa wasu man zaitun, wasu 'ya'yan itace masu maiƙo dangin gyaɗa, a kan abinci mai yawan ganye da wake da kifi. An janye rahoton farko na 2013 saboda kuskure a rabon mutane, aka gyara aka sake bugawa a 2018, sakamakon bai gusa sosai ba: bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ba ina cewa mu koma man zaitun ba ne, wa ke da kuɗinsa? Maiƙon da ya fi yawa a zaitun shi ne ya fi yawa a gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan man gyaɗa, wanda ake sayarwa a faranti a ƙofar gida, ya haɗa ganyen da maiƙon da zai shigar da karotin ɗinsa jiki. Haka jan sinadarin tumatir ya fi shiga jini idan an dafa shi da mai. Garin ɗan kuka cike yake da bitamin C. Ga rama, ga yakuwa, ga alayyahu, ga gwaiba da gwanda da mangwaro a lokacinsu, ga kifin sadin da taitus masu maiƙon omega-3. Zoɓo ma an gwada shi a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010 kan mutum 65, kofi uku a rana na mako shida, lambar sama ta hawan jini ta sauka da wajen maki 7. Sai dai nasu ba irin namu ba ne da ake juye wa sukari har cokali ya tsaya, kuma ba a ce wa kowa ya ajiye maganinsa ba. Tun da na yabi gyaɗa, dole in ƙara da cewa wadda ta yi funfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai haddasa kansar hanta, kuma rubabbiyar da aka tsince daga mai kyau ita ce ake yawan karkatarwa zuwa ƙuli da man gida saboda araha. Nan ma wurin ɗibar samfuri ne.

Abin da ya sa tallar ƙwayoyin nan ta zama taku, ranki ya daɗe, shi ne da sunanku ake rantsuwa. Mai talla zai ɗaga kwalba ya ce ga lambar NAFDAC, shi ke nan an rufe bakin kowa. Mutane ƙalilan ne suka san cewa lambar da kuke ba magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaida ce ta cewa yana warkarwa ba. Jimlar da ke faɗin haka tana jikin kwalba, amma da Turanci, da ƙananan haruffa, kuma mai lasifika ba ya karanta ta. Illar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Mai hawan jini ko ciwon suga yana ajiye ƙwayar asibiti ya koma shayin wanke jini, sai an kwaso shi ranga-ranga. Tun da doka ta ce sai da amincewarku ake tallar irin waɗannan kaya, ku sa sharaɗi: duk tallar da aka yi da Hausa, a faɗi wannan jimla da Hausa, da murya ɗaya da sauran tallar, ba a guje ba a ƙarshe. Wanda ya ce kayansa na maganin kansa ko yana narkar da kitsen jijiya, a nemi hujjarsa, in babu a janye lambar a kuma sanar a gidan rediyon da ya yi tallar.

Sauran roƙon ƙarami ne. Idan kun ɗebi samfurin mai a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Maiduguri, ku faɗa mana abin da kuka gani: jarka nawa aka gwada, nawa ne man gyaɗa na gaskiya, nawa ke da bitamin A, nawa aka samu da rini, bota nawa ta haura giram 2. A karanta shi a rediyo bayan labaran yamma, lokacin da masu tuya ke bakin kasko da rediyonsu a gefe, a kuma maimaita duk bayan wata shida don a ga ko ana samun sauyi.

Na gode da sauraro. Allah ya taimaka, ya yi jagora.

Naki cikin girmamawa,
Wani mazaunin birnin Kano